Injin CNC ya ƙi karɓar furogiram daga kwamfuta: kafin ku sayi sabon fanel

Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ga abin da na fahimta daga bayaninka. Kuna da injin CNC, wato injin sassaƙa ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, a shagonku nan Sakkwato, kun saye shi na hannu, mai ƙwaƙwalwa ƙirar kamfanin Fanuc, samfurin 0i. Kun daɗe kuna tura masa furogiram daga wata tsohuwar kwamfutar tebur ta soket ɗin RS-232. Kwamfutar ta mutu, maigidanka ya sayo laftof da adaftar USB da sabon kebul a kasuwa, kuma tun daga ranar da ka danna READ sai alam 086 ya fito. Kun aro wani kebul, 086 ya tafi, 085 ya maye gurbinsa, wata rana kuma furogiram ya fara shiga sai ya tsaya da 087. Wani mai gyara ya ce fanel, wato allon lantarkin da ke cikin ƙwaƙwalwar injin, ya ƙone, a yi odarsa daga Legas.

Ka roƙi maigida ya dakata da maganar odar nan. Hujjata tana cikin bayaninka. Alam 087 ba ya fitowa sai injin ya karɓi haruffa har sun yi masa yawa. Fanel ɗin da kunnensa ya ƙone ba ya jin komai, balle ya yi ƙorafin an cika masa ciki. Sannan ka dubi abin da ya canja ranar da matsalar ta fara: kwamfuta, adafta, kebul. Injin yana nan yadda yake. Saboda haka zargi ya fara sauka kan sababbin kayan nan uku, fanel kuwa shi ne na ƙarshe a layi. Abin da za ka buƙata mita ce ta awon wuta, da ɗan guntun waya, da ƙarfen liƙi da dalma, da haƙurin canja abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wannan na ƙarshen shi ne mafi wuya, domin idan aiki ya tsaya kuma mai kaya yana waya, hannu yakan so ya taɓa ko'ina. Wanda ya canja kebul da faramita (lambobin saitin injin) da direba (manhajar da ke tafiyar da adafta) a zama ɗaya, ko ya dace abin ya yi aiki, bai san me ya gyara ba, gobe kuma idan ta dawo sai ya koma farko.

Mu fara da 086, shi ne mafi sauƙi. Ma'anarsa a littafin Fanuc ita ce siginar DR ta ɗauke. Soket ɗin da ke jikin injin mai ƙafa 25 ne. Duk lokacin da ka danna READ don karɓa ko PUNCH don turawa, injin yana ɗaga wuta a ƙafa ta 20 don ya ce ya shirya, sai ya duba ƙafa ta 6 ya ga ko na'urar da ke ɗaya ɓangaren ta amsa. Idan bai ga wuta a ƙafa ta 6 ba, nan take yake jefa 086, ko harafi ɗaya bai jira ba. Wannan alam ba ruwansa da saurin aikawa ko manhajar da ke kan laftof. Maganar waya ce tsantsa. Abin da masu haɗa kebul ɗin Fanuc suke yi shi ne su haɗe ƙafa ta 6 da ta 8 da ta 20 wuri guda a cikin kan fulogin da ke shiga injin, ta yadda injin zai ji amsar kansa. Haka kuma suna haɗe ta 4 da ta 5, domin idan ta 5 ba ta da wuta injin ba zai tura komai waje ba, za ka ga OUTPUT yana ƙyaftawa a allo har ka gaji.

Kebul ɗin kasuwa ba ya zuwa da waɗannan gadojin. Galibinsa na tsohon modem ne ko na firinta, ga ido duk ɗaya suke. Idan tsohon kebul ɗinku yana nan a wani lungu, nemo shi, ya fi sabon daraja. Kwance sukurori biyun da ke riƙe da murfin fulogin ka duba ciki da fitila. Sau da yawa abin da nake tararwa a nan shi ne ƙurar hunturu ta haɗu da man sanyaya ƙarfe ta zama baƙin danƙo, ga 'yar siririyar wayar da ta taso daga ƙafa ta 20 ta tsinke daidai bakin dalma, tana taɓawa tana saki. Ka goge da burushi da sifirit, ka sake liƙawa, ka ja kowace waya a hankali da ɗan hantsaki ka tabbatar ta kama.

Idan babu tsohon, haɗa sabo da hannunka, wayoyi uku kawai yake buƙata, ban da gadojin nan na cikin fulogi. A ɓangaren kwamfuta fulogi mai ƙafa 9 ne. Ƙafarsa ta 2 tana zuwa ta 2 a mai ƙafa 25, ta 3 tana zuwa ta 3, ta 5 kuma tana zuwa ta 7. A nan mutane da yawa suke rikicewa, don sun ji ana cewa dole a gicciye 2 da 3. Gaskiya ne ana gicciyewa, bakin wannan ya tafi kunnen wancan. Amma a mai ƙafa 25, ta 2 ce mai aikawa, ta 3 mai karɓa, a mai ƙafa 9 kuwa akasin haka ne, ta 2 ke karɓa, ta 3 ke aikawa. Don haka 2 zuwa 2 da 3 zuwa 3 tsakanin 9 da 25 ya riga ya zama gicciye. Wanda ya ƙara gicciyewa ya haɗa baki da baki, kunne da kunne. Idan duka ɓangarorin masu ƙafa 25 ne, to a nan ne 2 ke zuwa 3.

Akwai gargaɗi guda da nake so ka riƙe da kyau. A injunan Fanuc da yawa ƙafa ta 25 tana ɗauke da 24V, an tanade ta ne don ciyar da na'urorin karanta tef da faifai na kamfanin. Kada ka taɓa cusa kebul mai cikakkun wayoyi 25 da ba ka san hanyarsa ba, kuma lokacin awo kada bakin mita ya zame ya haɗa ta da maƙwabciyarta. Mafi sauƙin abin da zai faru fiyus ya yanke, mafi muni kuma ka ƙona abin da a da lafiyarsa ƙalau.

Yanzu ka tabbatar laftof ɗin da adaftarta suna magana, ba tare da injin ba. Buɗe Device Manager a Windows ka ga lambar COM da aka ba adaftar, domin idan ka sauya ramin USB lambar tana iya sauyawa, manhaja kuma tana can tana kiran COM1 da babu shi. Idan ka ga alamar rawaya da Code 10, yawanci guntun lantarkin (chip) da ke cikin adaftar ne, na jabun kamfanin Prolific, da sabon direba ya ƙi yarda da shi. Sai ka sauke Tera Term ko RealTerm, tunda HyperTerminal da aka saba da shi ya tsaya a Windows XP. Haɗe ƙafa ta 2 da ta 3 na adaftar da guntun waya, ka kashe duk wani tsarin dakatarwa a manhajar, ka buga haruffa. Idan abin da ka buga yana dawowa allo, kuma yana ɗaukewa da ka cire wayar, adaftar tana da rai. Maimaita gwajin a ƙarshen dogon kebul ɗin, ka gwada shi ke nan shi ma.

Gwajin nan yana da iyaka, shi ya sa nake ƙara masa awon mita. Ƙa'idar RS-232 tsohuwa ce, tun 1960 take, sigar C da injuna da yawa suka bi kuma ta fito a 1969. Tana aiki da wuta mai fuska biyu: daga −3V zuwa −15V shi ne ɗaya, daga +3V zuwa +15V shi ne sifili, abin da ke tsakani kuwa ba a san matsayinsa ba. Layin aikawa idan yana hutawa yana zama a ɓangaren ragi. Ɗora baƙin bakin mita a ƙafa ta 5 ta adaftar, ja a ta 3, ya kamata ka ga tsakanin −5V da −12V. Akwai adaftoci masu araha da ba sa fitar da wutar ragi ko kaɗan, daga sifili zuwa 5V suke wasa. Irinsu suna cin gwajin haɗe 2 da 3 ɗin nan da kyau, don suna jin kansu, amma injin masana'anta a ƙarshen kebul mai tsawo ba lallai ya fahimce su ba. Haka za ka auna injin: baƙi a ƙafa ta 7, ja a ta 2, injin a kunne. Idan ka ga wutar ragi, bakin injin yana da rai. Idan kuma an haɗa komai ka buɗe murfin fulogi ka auna 2 da 3, dukansu su nuna ragi. In ɗaya ta nuna ragi ɗaya ta nuna sifili, ka haɗa masu aikawa biyu a waya guda.

Ra'ayina game da adafta: ku nemi mai guntun kamfanin FTDI na asali, ko da ta ninka sauran kuɗi. In da hali ma, tsohuwar kwamfutar tebur mai soket ɗin COM a jikinta ta fi kowace laftof dacewa da wannan aiki, kuma irinsu suna nan jibge a shagunan gyaran kwamfuta ba mai nema. A ajiye ta don injin kawai, ba intanet, ba filashin kowa.

Daga nan sai 085. Wannan alam yana cewa haruffa suna isowa amma a karye: ko saurin bai dace ba, ko adadin bit, wato ɗaya da sifilin da ke cikin kowane harafi, ko fariti, wato ƙarin bit na duba kuskure, ko kuma hayaniyar lantarki ta lalata su a hanya. Kada ka fara da canja injin. Injin ya yi shekaru yana aiki da saitinsa, kai dai karanta shi ka rubuta a takarda, sannan ka sa laftof ta bi shi. A 0i, da 16i da 18i da 21i, faramita ta 20 ita ce ke zaɓen tashar shiga da fita. Idan tana kan 0, injin yana amfani da faramita 101 zuwa 103. Idan tana kan 1, soket ɗin dai shi ne amma saitin yana 111 zuwa 113. Idan 2 ce, soket na biyu ne da 121 zuwa 123. Na sha ganin mutum yana ta gyara 103 alhali tashar tana kan 1, injin ko kallon abin da yake gyarawa ba ya yi. A 103, lamba 10 tana nufin 4800, 11 tana nufin 9600, 12 kuma 19200. A 101, bit na ƙarshe a hannun dama idan 1 ne to bit na tsayawa, masu nuna ƙarshen kowane harafi, biyu ne. Faramita 102 ta zama 0 idan da kwamfuta ake magana. Wanda yake da tsohon jerin 0, wato 0T ko 0M, saurinsa yana 552 da 553.

A laftof kuma ka sa bit 7 na bayanai, fariti EVEN, bit na tsayawa yadda ka gani a 101, tsarin dakatarwa XON/XOFF. A shafin SETTING na injin, PUNCH CODE ya zama ISO, TV CHECK kuma 0. Wannan TV CHECK gadon zamanin tef ɗin takarda ne, yana ƙirga haruffan kowane layi, idan a kunne yake zai jefa maka alam 002 a kan furogiram mai lafiya.

Ga shawarar da ta fi kowace rage wahala: bar injin ya fara magana. Kada ka fara da turawa. Buɗe manhaja a yanayin karɓa, ka sa injin a EDIT, ka zaɓi wani ɗan gajeren furogiram da ke cikinsa, ka danna PUNCH da EXEC, ka zuba wa allon laftof ido. Abin da zai fito zai gaya maka inda kake. Idan ba komai, waya ce ko lambar COM. Idan tarkacen alamomi ne marasa ma'ana daga farko har ƙarshe, saurin ne bai dace ba. Idan kuwa wasu haruffa suna fita daidai wasu suna zama baƙaƙen alamu, misali G da M da lambobi suna cakuɗe da shirme amma kana iya gane ƙirar furogiram ɗin, to saurin daidai ne, laftof ce ke kan bit 8 ba fariti maimakon 7 da EVEN. Idan ya fito tsaf, ka sami abu biyu: tabbacin saiti, da kuma samfurin yadda injin yake son a rubuta masa fayil. Sauya masa lamba ka mayar masa da shi. Injin da ya ƙi karɓar abin da shi da kansa ya rubuta, matsalarsa ba ta rubutu ba ce.

Rubutun fayil ma yana kayar da mutane. Layin farko alamar % ce ita kaɗai, sai layi na biyu harafin O da lambar furogiram, harafi ba sifili ba, sai % a can ƙarshe. Injin yana watsar da duk abin da ya zo kafin ƙarshen layin farko, shi ne lokacin da kake ganin LSK a allo, don haka idan babu % a sama lambar furogiram ɗin ce za ta tafi. Idan babu % a ƙasa zai zauna a INPUT yana jiran abin da ba zai zo ba. Alam 073 yana nufin lambar tana cikin injin tuni, 070 kuma wuri ya cika. Ka duba makullin kariya na jikin allo, kuma kada a rubuta furogiram da Word, Notepad ya isa. Wajen turawa injin ke fara shiri, sai ka ga LSK sannan ka saki fayil daga laftof.

Sai 087, wanda ya fi sauran ban sha'awa, kuma fahimtarsa za ta amfane ka a kowane inji. Ma'ajiyar karɓa ta injin ƙarama ce. Idan ta kusa cika, sai ya aika wa kwamfuta harafin DC3, ma'ana dakata, idan ya samu sarari kuma ya aika DC1, ma'ana ci gaba. Bayan ya ce dakata, yana iya haƙuri da haruffa 10. Harafi na sha ɗaya idan ya shigo, 087 ne. Matsalar ita ce guntun 16550 da ke cikin kwamfutoci yana da layin jira na haruffa 16, adaftar USB kuwa nata ya haura ɗari. Kamar mai cika jarka da dogon tiyo ne: an ce ya rufe famfo, ya rufe, amma ruwan da ke cikin tiyon sai ya fito. Maganinsa a Device Manager yake, ƙarƙashin Port Settings sai Advanced. Ja ma'ajiyar aikawa zuwa mafi ƙanƙanta ko ka kashe FIFO, wato layin jiran nan, gaba ɗaya. Idan FTDI ce, rage Latency Timer daga 16 zuwa 1. Idan bai isa ba, sauko da sauri zuwa 4800 a ɓangarorin biyu.

Akwai wasu dalilai biyu na 087 da ba kowa ke lura da su ba. Na farko, idan wayar da ke dawowa daga injin zuwa kwamfuta ta tsinke, turawa za ta yi aiki, ƙananan furogiram za su shiga lafiya, amma kwamfutar ba za ta taɓa jin dakata ba, sai babban fayil ya fashe a tsakiya. Gwajin PUNCH da na faɗa yana kama wannan. Na biyu ya shafi fariti. Lambar DC1 ita ce 17, ta DC3 kuma 19. A tsarin ISO injin yana ƙara wa DC3 bit na fariti, sai ta zama 147 a idon kwamfutar da ke kan bit 8, DC1 kuwa tana nan 17 ba canji. Sakamakon haka kwamfutar tana jin ci gaba, ba ta jin dakata. Wannan kaɗai ya isa ya sa a ɗora wa fanel laifin da ba nasa ba.

To, a ce duk wannan ya daidaita amma 085 yana zuwa jefi-jefi, yau lafiya gobe babu. Yanzu mun shigo maganar wuta da ƙasa, kuma a garin nan ita ce babbar magana. Ka lura da lokacin da yake faruwa. Idan sai sandar injin tana juyawa, ko maƙwabci ya kunna injin walda, ko an koma kan janareta, to hayaniya ce. Tsohuwar ƙa'ida ta ce kebul kada ya wuce mita 15, kuma a cikin shago mai injuna gara ya gaza haka. Ya zama mai rigar kariya ta ƙarfe, a haɗa rigar da jikin injin a ɓangare ɗaya kawai, kuma kada a ɗaure shi tare da wayoyin motar lantarkin injin ko na inbata don neman tsafta. Idan dole su haɗu, su gicciye juna su wuce.

Abin da ke ƙona soket ɗin RS-232 da gaske shi ne bambancin wuta tsakanin jikin kwamfuta da jikin injin. Wayar nan ta ƙafa ta 7 siririya ce, an yi ta don sigina, amma idan injin yana kan layi ɗaya, kwamfuta tana kan soket ɗin bango na wani layin, kuma wayar ƙasa (earth) ba ta kirki, duk wutar da ta rasa hanya ta cikinta za ta bi. Kafin ka cusa kebul, juya mita zuwa AC, ɗora baki ɗaya a ƙarfen fulogin da ya taso daga laftof, ɗaya a wani sukurun jikin injin da ba fenti. Ya kamata ka ga kusan sifili. Da cajar laftof mai ƙafa biyu kana iya ganin kusan rabin wutar NEPA a wurin, ita ce 'yar girgizar da kake ji idan bayan hannunka ya goge ta. Ba ta da ƙarfin cutar da kai sosai, amma guntun da aka yi don 15V ba ya son ta, musamman a daidai lokacin cusawa idan ƙafar sigina ta riga ta ƙasa taɓawa. Don haka ka cire caja kafin ka haɗa, kuma mafi aminci a haɗa kebul injin yana kashe. Kwamfutar tebur kuma a ba ta wuta daga inda injin yake sha, ƙasarsu ɗaya.

Ƙasarmu ta Sakkwato yashi ce, kuma daga hunturu zuwa bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tana bushewa har can ciki. Sandar ƙasar da aka kafa da damina ta yi kyau a awo, zuwa watan Afrilu tana iya zama ƙarfe ne kawai a binne. Masu wayarin suna zuba gawayi da gishiri a ramin, yana taimakawa, sai dai gishirin yana cin sandar da mahaɗinta a hankali, don haka a riƙa tonawa ana dubawa. Sanda mai zurfi, ko biyu da aka haɗe, a wurin da ke samun danshi, ta fi. A tabbatar janareta ma an haɗa jikinsa da wannan ƙasar. Da damina kuma tsawa ce abin tsoro: kebul mai tsawo da ya ratsa daga ofis zuwa shago yana ɗaukar bugunta ko da ba a kansa ta sauka ba, don haka idan hadari ya haɗu a zare shi. Akwai 'yar na'ura mai raba ɓangarorin biyu da haske, ana sa ta a tsakiyar layin RS-232 don kada wata waya ta haɗa kwamfuta da injin kai tsaye. Kuɗinta bai kai ko kusa da na fanel ba, kuma ni ba na haɗa injin da zai daɗe a jone ba tare da ita ba.

Idan ka bi duk wannan, ƙafa ta 2 ta injin ba ta nuna wutar ragi, ko injin yana turawa tsaf amma ba ya jin komai da kebul da ka tabbatar da lafiyarsa, to yanzu ne za a yi maganar fanel. Ko a nan akwai matakai kafin oda. Soket mai ƙafa 25 da kake gani a waje wani ɗan kebul ne ya kawo shi daga mahaɗin JD36A a bayan ƙwaƙwalwar, kuma girgiza tana sassauta shi, sai a kashe wuta a duba. Kusa da shi akwai JD36B, tasha ta biyu, wadda a injuna da yawa ba a taɓa amfani da ita ba. Mayar da kebul ɗin can, sa faramita ta 20 a kan 2, kwafe saitinka zuwa 121, 122 da 123. Sau da yawa aiki ya tashi ke nan. Abin da kan ƙone kuma ƙananan guntaye ne masu tura sigina da karɓarta, a tsofaffin injuna dangin 1488 da 1489, kuma ƙwararren mai gyaran lantarki yana iya sauya su. Sannan idan akwai ramin kati a gefen allon, tasha ta 4 ke nan: katin ajiya na CF ƙarami, wanda bai wuce 2GB ba, da adaftar PCMCIA da ke shigar da shi ramin, kun rabu da kebul gaba ɗaya. Amma ko wace hanya aka bi, a gano abin da ya ƙona na farkon, in ba haka ba sabon ma zai bi shi.

Lambobin nan duk na Fanuc ne. Idan wata rana ka tsaya gaban injin kamfanin Haas, saitinsa yana Setting 11 zuwa 14 da 37, kuma yana da XMODEM mai duba kuskure. Siemens kuwa ya fi son bit 8 da dakatarwa ta waya, RTS da CTS, don haka kebul mai waya uku ba zai wadatar ba. Hanyar binciken dai ɗaya ce.

Ba ka ambaci DNC ba, amma tunda kuna aikin gyaran kayan manyan injuna za ka iso wurin, ranar da furogiram ya fi ƙarfin ma'ajiyar injin sai an riƙa ɗura masa yana yanka. A 9600, da bit 11 a kowane harafi, haruffa kusan 870 ne ke wucewa a daƙiƙa. Idan kowane layi yana da haruffa 30, layi 29 ke nan, kuma aikin da ke da gajerun motsi da yawa zai sa injin ya riƙa tsayawa yana jira, ya bar tabo a jikin ƙarfe. A kashe barcin laftof da tsarin da ke kashe USB don tanadin batir, in ba haka ba za ta yi shiru wuƙa tana cikin aiki. Ka sani kuma XON/XOFF ba ya sake aiko abin da ya ɓace. A Fanuc da yawa X10. milimita goma ne, X10 ba ɗigo kuwa kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne. Ɗigo guda idan ya faɗi a hanya, wuƙa za ta tafi inda ba a aike ta ba. Shi ya sa a sabon haɗi nake so a tura babban fayil, a dawo da shi, a gwada su layi da layi kafin a amince.

Ranar da layin ya buɗe, kafin ka tura furogiram ɗin kowane kwastoma, fitar da faramitocin injin gaba ɗaya zuwa kwamfuta, da na PMC (sashen da ke kula da maɓallai da na'urorin injin), da ofset (awon wuƙaƙe da mazaunin aiki), da furogiram ɗin 9000 idan akwai, waɗanda faramita 3202 ke kullewa. Duk waɗannan wani ɗan batirin lithium ne ke riƙe da su idan an ɗauke wuta, kuma injin da ke yawan zama a kashe yana cinye shi da wuri. Idan BAT ya fara ƙyaftawa a allo, a sauya batirin injin yana kunne. Injin na hannu da ya rasa faramitocinsa, kamfanin da ya ƙera shi kuma wataƙila ya daɗe da rufewa, yana iya zama watanni a tsaye. Ajiye kwafi a filashi biyu, ɗaya a gidan maigida. Zanen kebul ɗin da lambobin 20, 101, 102 da 103 kuma a rubuta su a takarda a manna a cikin ƙofar akwatin lantarki. Idan ka yi gwajin PUNCH, turo mini hoton abin da ya fito a allon laftof da awon da ka samu a ƙafa ta 2, sai mu ɗora daga nan. Ka gaishe mini da maigidan naka.